Cike Gurbi

Abin da ya kashe waƙar ƙanina shi ne an karanta masa ita. Wani mutum ne ya ɗauki takarda a gidan rediyo ya karanto kalmomin a bushe, babu kiɗa babu murya, kamar mai sanar da ɓatan akuya. Ina wurin, a kan kujerar roba, a bayan gilashi.

Ni mai walda ne. Ƙofofi nake yi da tagogi da gadajen ƙarfe. Auta shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, kuma a shagona ya tashi bayan rasuwar Baba. Bai iya aikin ba. Waldarsa kullum kamar kashin kaji take fita, nan tudu can rami. Sai dai bakinsa ba ya rufuwa, yana riƙe min ƙarfe yana rera wani abu. Maƙwabtan shago suka sa masa Tartsatsi, sunan ya bi shi har kan fosta.

Ga yadda yake waƙa, don na gani da idona. Akwai wani mai situdiyo da ake kira Injiniya, ɗaki ɗaya ne a saman kantin taya, an manna kwalayen ƙwai a bango don kada ƙara ta fita. Injiniya zai taɓa piyano ya saki kiɗa. Auta ya tsaya ya rufe ido, ya fara wani surutu da ba Hausa ba, ba kowane yare ba: dan-dan, le-le, yaraf-yaraf. Ya yi ta zagaya kiɗan kamar baƙo yana neman ƙofar gida, har kalma guda ta faɗo ta zauna. Sai wata ta biyo ta. Inda kalma ta ƙi zuwa, sai ya bar surutun a wurin ya wuce. Bai taɓa riƙe biro don waƙa ba.

Da haka ya yi "Tsaya Mana", wadda ta hana kowa sakat. A tasi ita ce, a shagon aski ita ce, a wayar mai gadi ita ce. Yara suna tafiya makaranta suna taka ta. Ni ban taɓa ɗaukar waƙa sana'a ba, kuma har yau ban canza ba. Abin da ba za ka jingina da shi ba, ba za ka sa masa kwaɗo ka tafi ba, ban san me za a kira shi ba. Amma wata rana wata mata ta zo karɓar gadon jariri, waƙar ta taso daga shagon mai cajin waya, sai ta tsaya da hannunta a kan ƙarfen har aka ƙare, hawaye na zuba. Ban san abin da ta tuna ba. Na ɗaura mata gadon a babur ta tafi.

Sai gidan rediyo suka gayyace shi wani shiri na masu ilimi, da rana tsaka. Ya zo shago da sabuwar riga yana ƙamshi.

"Yaya, wanke hannu ka raka ni. Yau da wani Dakta na jami'a za a haɗa ni."

"Ciwo kake yi?"

"Ba irin wannan Daktan ba. Na waƙa ne."

"Waƙa ma har da likitanta? To Allah ya sa kada ya yi maka allura."

Ya yi dariya har da dukan ƙofar da nake haɗawa.

Daktan mutum ne siriri mai ladabi, da gilashi a ido da jaka a cinya. Ya miƙe ya gaisa da mu hannu biyu. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Mai gabatar da shirin ta tambaye shi ko waƙoƙin zamani irin na Tartsatsi suna cikin abin da za a kira fasaha. Ya ce kafin ya ba da amsa yana so masu sauraro su ji waƙar ita kaɗai, ba tare da ganga ta rufa mata asiri ba. Ya zaro takarda, ya gyara gilashi, ya karanta:

"Tsaya mana. Tsaya mana. Ke mai tafiyar nan, tsaya mana. Na ce tsaya. Kin ce a'a. A'a. A'a. A'a. Yaraf-yaraf lele. Tsaya mana."

Bayan kowace kalma sai ya ɗan dakata. Mai gabatarwa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Wanda ke juya na'ura kusa da ni ya kifa kai a tebur. Ni kaina sai da na ji dariya ta zo min wuya, don wallahi a haka waƙar ba komai ba ce. Kamar maganar mai lalurar ƙwaƙwalwa a bakin titi.

Dakta ya ɗago. "Malam Tartsatsi, ina da tambaya, don ni ma ɗalibi ne. Mene ne yaraf-yaraf lele? Na duba ƙamus ban samu ba."

Auta ya yi murmushin da na san na rashin madafa ne. "Ranka ya daɗe, wurin ne ya nemi wani abu."

"Wurin?"

"A cikin kiɗan. Akwai rami a nan, sai na sa masa."

"To, madalla. Wato cike gurbi."

Mai gabatarwa ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya a kan iska. Auta ya gyara zama, ya ce mutanen da ke jin waƙar nan ba za su ƙirgu ba, daga nan har ƙasashen da bai taɓa zuwa ba.

Dakta ya ce, "Haka ne, kuma ina taya ka murna. Lemon kwalba ma duniya duka ana sha. Ba a dai ba marar lafiya shi a matsayin abinci."

Aka buɗe waya. Masu kira suka yi wa Dakta ca. Wani direba ya ce masa in ya isa ya yi tasa a ji. Wata ta ce hassada ce. Duk wanda ya kira bayan Auta yake. Amma ina kallon ƙanina ta gilashi, ko ɗaya bai ji ba. Idonsa na kan takardar da ke cinyar Dakta. Ranar ce ya fara ganin waƙarsa a rubuce.

A hanyar komawa na ce masa, "Kai, share. Mutumin nan ko tafi bai iya ba."

Can ya ce, "Yaya, kai ma ka yi dariya?"

"Ban yi ba."

"Amma ta zo maka."

Na kau da kai, don ta zo min.

Cikin satin ya sayo ƙamus, katoto, da wasu littattafan waƙoƙin mutanen da. Auta da ko firamare da ƙyar ya ƙarasa. Ya gano inda marubuta ke taruwa duk ƙarshen mako, wani aji ne a bayan ɗakin karatu, ya fara zuwa. Na je ɗauko shi sau ɗaya da motarsa ta lalace. Mutum goma sha wani abu ne a kan bencin yara, fanka ba ta aiki. Wani yana karanta baiti, sauran suna lanƙwasa yatsu suna auna gaɓoɓi, wannan doguwa, wannan gajera. A can baya na hango Auta, mutumin da 'yan sanda ke buɗe wa hanya in zai shiga filin wasa, ya takure da littafi a gwiwa yana lanƙwasa yatsu shi ma, leɓensa na motsi. Da aka tashi, wani mai furfura ya dafa shi ya ce, "Cike-gurbi, ana ƙoƙari?" Ya ce, "Ana yi, Malam." Har da rusunawa.

A mota na ce, "Wane ne wancan da ya ce maka Cike-gurbi?"

"Wasa ne, Yaya."

"Da ni ya yi wannan wasan da sai ya nemi haƙoransa a ƙarƙashin benci."

"Ba za ka gane ba. Mutanen nan sun san abin. Ni shekara da shekaru ihu kawai nake yi a kan ganga."

"Ihun ne ya gina wa Inna ɗaki."

"Ka ji irin maganar da nake gudu ke nan."

Daga nan aikinsa ya juye. A da kiɗa ne gaba, kalma ta biyo. Yanzu sai ya kulle kansa ya rubuta baitoci, ya auna, ya goge, ya sake, sannan ya kai wa Injiniya ya ce a nemo musu kiɗa. Wata rana da hantsi Injiniya ya zo shagona, ya zauna a kan tukunyar gas kamar an koro shi daga gida.

"Babban yaya, ka yi wa ƙaninka magana."

"Me ya yi?"

"Kalmomi yake kawo min masu nauyin buhun siminti. Jiya ya zo da wata wai ita ‘tsantsagwaron begen zuciya mai raɗaɗi’. Na ce maigida, ina zan sa wannan? Kamar a ce ka ɗora katifa a kan keke. In na ce ya rage, ya ce ma'auni zai karye. In na ce to ga rami nan, ɗan sa lele, sai ya kalle ni kamar na zagi Inna."

"Waƙar ba daɗi?"

"Ba a ma kai ga daɗi ba. Da in ya shiga ɗakin nan, ni da nake danna abin sai na ji ƙafata tana motsi. Yanzu tsayawa yake da takarda a gaban fuska kamar mai ba da shaida a kotu."

Na je gidansa na same shi. Matarsa ta buɗe min, ta nuna min ɗakinsa da haɓa. Yana zaune a ƙasa, takardu sun kewaye shi, ya rame. Na faɗa masa abin da ke bakina. Na ce wanda ya iya abu ya riƙe abinsa, mutanen bencin nan ko matansu ba sa sauraron abin da suke rubutawa.

Ya ce, "Yaya, in na mutu yau, me zan bari? Yaraf-yaraf?"

"Za ka bar abin da mutane ke so."

"Mutane suna son lemon kwalba."

Maganar Dakta ce a bakinsa, har da yadda yake dakatawa. Na tashi na fita kafin in yi abin da zan yi nadama.

Aka shekara ba sabuwar waƙa. Sai wani kamfanin waya ya shirya wasa a babban fili da yamma, suka sa hotonsa ya fi na kowa girma. Na rufe shago na je. Filin ya cika har kan katanga. Da ya fito, ihun da aka yi sai da na ji shi a haƙarƙarina. Tun bai kai tsakiyar dandamali ba suka fara masa da kansu: tsaya mana, tsaya mana. Dubban mutane, baki ɗaya. Masu kiɗa suka ɗauka. Abin da ya rage masa kawai ya buɗe baki.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da kiɗan. Ya zaro takarda daga aljihu.

Ya ce yau ya zo musu da waƙa ta gaskiya, mai ma'auni, a kan ƙarewar duniya da halin ɗan Adam. Ya fara. Da farko an yi shiru, ana jiran inda za ta fashe. Ba ta fashe ba. Baiti na bin baiti, kowanne da kalmar da sai ka tambayi tsoho. Wani daga baya ya yi fito. Wani ya ce, "Malam, ba wa'azi muka zo ba!" Suka koma rera tasu, suka danne shi. Shi kuma ya ƙara ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta fito, yana bin takarda da yatsa. Robar ruwa ta farko ta faɗi kusa da ƙafarsa. Ta biyu ta same shi a kafaɗa. Mai shirya wasan ya hau ya yi masa raɗa, na ga Auta ya girgiza kai. Sai suka kashe masa na'urar magana. Ya ci gaba da karatu bakinsa na motsi ba a jin komai, har wasu ƙarti biyu suka kama shi ta gwiwar hannu suka sauko da shi.

Bayan wannan ba wanda ya sake gayyatarsa. Wani yaro sabon tashi ya ɗauki salonsa na da, har da lelen, aka koma kansa.

Waƙar takardar kuwa ya kai ta aji ranar taro. Ni na kai shi, na tsaya a bakin taga. Ya karanta duka, suka tafa kaɗan-kaɗan kamar masu kore sauro. Mai furfura ya ce akwai ci gaba sosai, sai dai ma'auni ya karye a wurare, kuma ana jin ƙamshin ƙamus a jikinta. Wani ya ce ya ci gaba da karatu, nan da wasu shekaru za a ga abin da hali zai yi. Sannan suka wuce kan maganar wanda zai kawo kujeru taro na gaba.

Watanni bayan haka aka kira ni aikin ƙofar gida a unguwar ma'aikata. Ina durƙushe ina auna faɗi sai mai gidan ya fito da butar shayi. Dakta ne. Bai gane ni ba. Na bari sai da na gama awo sannan na ce ni yayan Tartsatsi ne.

"Tartsatsi... Af, mai Tsaya Mana! Ina ya shiga ne? Yarana kullum sai sun sa min ita a mota. Kwana biyu ba a jin sabuwa."

"Tun ranar da ka karanta masa ita a rediyo bai sake yin irinta ba."

Ya ajiye butar. Na ba shi labari a gajarce. Ya cire gilashi ya goge, na ga abin ya taɓa shi.

"Subhanallahi. Ni ban ce ya daina ba, Malam. Tambayata aka yi na ba da amsa."

"To yanzu ni ma ina tambaya. Abin nasa fasaha ne ko ba fasaha ba ne?"

Ya mayar da gilashinsa. "In ka ce in yi maka ƙarya don ka ji sanyi, zan iya. Amma a takarda babu komai a cikinta. Ko gobe aka tambaye ni haka zan ce."

"Wa ya ce maka don takarda aka yi ta?"

"Takarda ce aikina. Da ita nake auna abu."

"A mota fa, da yaran suka sa?"

"A mota tana da daɗi," in ji shi. "Wannan wata magana ce daban."

Ban san ta inda ta zama daban ba, shi kuma bai faɗa ba. Na haɗa masa ƙofarsa, mai kyau, don ba na ɓata aiki saboda fushi.

Ban gaya wa Auta mun haɗu ba. Amma na sa Injiniya ya lallashe shi ya dawo situdiyo, ba takarda, kamar da. Ya yarda, don shi ma ya gaji. Muka hau saman kantin tayan mu uku. Injiniya ya saki wani kiɗa mai sanyi da ya ɓoye masa tun tuni. Auta ya rufe ido. Na ga kafaɗarsa ta fara, na ga ƙafarsa ta ɗauka. Ya buɗe baki, "Dan-dan, le..." sai ya tsaya.

"Ci gaba, maigida, ga ta nan tana zuwa!" in ji Injiniya.

Ya sake ɗauka. Kalma ta zo, na ga ta zo, har ta kai leɓe. Ya haɗiye ta.

"Me ya faru kuma?"

"Ina jin yadda za ta fita in an karanta."

"Wa zai karanta? Mu uku ne a nan, Babban yaya ma ba ya son karatu!"

"Ni nake karantawa," in ji Auta.

Muka wuni a ɗakin. Kiɗan ya yi ta zagayawa shi kaɗai har Injiniya ya miƙa hannu ya kashe.

A ƙarshen shekarar Inna ta kwanta. Ciwon ƙoda ne, likita ya ce mu kai ta gida mu kula da ita. Wata safiya muna zaune a ɗakinta, ni a bakin gado, Auta a tsaye jikin ƙofa, sai ta ce, "Auta, yi min tawa."

Akwai wata 'yar waƙa da ya yi mata a farkon fitowarsa, ba ta yi suna ba. Rabinta kiran Inna ne kawai, ana ja ana saki. Ita kuwa ta fi son ta a kan duk sauran.

Ya matso ya durƙusa. Ya riƙe hannunta. Ya fara, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, Inna, mai tashi tun..." Ya tsaya.

"Ina ji," in ji ta.

"Ba haka ya kamata a ce ba. Layin bai cika ba. Bari in gyara."

Na ce, "Kai, rera mata yadda take!"

"Yaya, minti ɗaya. Akwai kalmar da ta fi wannan."

Yana durƙushe yana lanƙwasa yatsun ɗaya hannun a kan katifa, gumi na bin goshinsa. Inna ta jira. Ta jira har idonta ya fara lumshewa. Sannan ta zare hannunta a hankali ta shafa kansa.

"Bar shi, ɗan nan. Kada ka wahalar da kanka. Babba, sa min a waya."

Na lalubo ta a wayata na ɗora a kan matashi kusa da kunnenta. Muryar Auta ta da ta cika ɗakin, tana wasa da kiɗa kamar ba ta san wahala ba. Shi kuma ya tashi ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon bango.

Inna ta rasu cikin satin. Daga waya ta ji waƙarta ta ƙarshe, mai waƙar yana bayan ƙofa da ransa da lafiyarsa. Auta yanzu gadi yake yi a wani sito a bayan gari, inda ko rediyo babu. Shi ya nemi wurin da kansa.